Cabela's: Kantin Bindigogin da Ya Faro Daga Ƙugiyar Kifi

A kasuwar Yawuri masunci ba ya shan wahalar neman kayan aikinsa. Ƙugiyar mamari da zaren taru da dalma duk suna shimfiɗe a rumfa, a taya a sallama a bainar jama'a. Maharbi kuwa, na Shanga ne ko na Ngaski, hanyarsa daban ce. Bindigarsa daga maƙera take fitowa, albarushi kuma sai ya san wanda zai tambaya. A Amurka an haɗa mutanen nan biyu a ƙarƙashin rufi ɗaya, mai fatsa da mai bindiga suna tura keken sayayya a layi guda. Cikin kantunan da suka yi wannan haɗi, kaɗan ne sunansu ya kai na Cabela's, kamfanin da ya shekara 56 yana cin gashin kansa kafin abokin hamayyarsa ya haɗiye shi.

Abin ya faro ne a 1961 a Chappell, wani ɗan ƙauye a jihar Nebraska wanda a yau mutanensa ba su fi dubu ɗaya ba. Dick Cabela, matashi mai shekara 25, yana taimaka wa mahaifinsa a shagon sayar da kujeru da gadaje. Ya je baje kolin kayan ɗaki a Shikago, sai ya ci karo da mai sayar da wasu ƙugiyoyi da aka ɗaure da gashin tsuntsu da zare don su yi kama da ƙwaro, kifi ya gani ya kai cafka. Ya sayi na dala 45 ya koma gida.

Tallarsa ta farko ya saka ta ne a wata jarida ta garin Casper a jihar Wyoming: ƙugiya 12 a kan dala ɗaya. Mutum ɗaya tak ya amsa. Wani da ya tattara ya haƙura, amma shi sai ya juya maganar. Ya kai talla mujallar maharba da masunta ta ƙasa baki ɗaya, Sports Afield, ya ce ƙugiya biyar kyauta ne, a dai aiko da santi 25 kuɗin aikawa. Wasiƙu suka fara zuba.

Ribar da ke cikin santi 25 ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ya yi daraja shi ne sunayen. Matarsa Mary ta riƙa rubuta suna da adireshin duk wanda ya aiko a kan 'yan katunan da mata ke rubuta tsarin girki, kuma kowane ƙunshi da zai fita daga teburin kicin ɗinsu sai an cusa masa takardar jerin wasu kayan da ake sayarwa. Wannan takarda ce ta zama kundin talla na Cabela's, wanda daga baya aka riƙa buga shi miliyoyi ana aikawa gida-gida. Ƙanin Dick, wato Jim, ya shigo harkar a 1963. Suka bar kicin suka koma ɗakin ƙasa na shagon mahaifinsu, suka yi ta sauya mazauni a cikin Chappell har wuri ya yi musu kaɗan. A 1969 suka kwashe zuwa Sidney, garin da ke yamma da su, suka shiga wani gini mai faɗin murabba'in mita kusan 4,600 da kamfanin taraktoci na John Deere ya bari.

Mai kallon Cabela's a yau zai ɗauka da bindiga aka gina shi. Ba haka abin yake ba, kuma dalilin yana cikin wani tarihi da bai shafi iyalin Cabela ba. A watan Maris na 1963 Lee Harvey Oswald ya ga talla a wata mujalla, ya aika kuɗi ga kantin Klein's da ke Shikago da sunan ƙarya, aka aiko masa da tsohuwar bindigar sojan Italiya ta gidan waya. Kuɗinta da na aikawa bai kai dala 22 ba. Da ita ya harbe Shugaba John Kennedy a Dallas a watan Nuwamba na wannan shekara. Majalisar Amurka ta yi ta ja-in-ja kan irin wannan ciniki har sai da aka kashe Martin Luther King da Robert Kennedy a 1968, sannan Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta hana aika wa mutum bindiga kai tsaye ta gidan waya. Daga lokacin, mai son bindigar zamani sai ya tsaya da ƙafarsa gaban dillali mai lasisi. Kamfanin da duk cinikinsa ta wasiƙa ne, kenan, an rufe masa wannan ƙofa tun bai gama tsayawa da ƙafafunsa ba. Tufafin sanyi da takalma da tanti da baka da kibiya da kayan fatsa su suka riƙe shi shekaru da dama.

Sai dai dokar ta bar wata kafa wadda za ta ba maharbin ƙasar Yawuri dariya. Bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, a danna da sanda, irin wadda muke kira adaka ko harba-ka-ruga, dokar tarayyar Amurka ba ta lissafa ta cikin makaman da ke buƙatar dillali ba. Ana ɗaukarta kayan tarihi. Saboda haka kundin Cabela's ya cika da irin waɗannan bindigogi, sababbi fil, ana aika su ta wasiƙa zuwa yawancin jihohi, jihohi da yawa ma sun ware musu lokacin farautarsu na musamman. A Najeriya kuwa ko ita ba ta kuɓuta ba. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: manyan makamai irin na soja, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da izininsu, bindigogin farauta irin su mai baki biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, sai na ɗurawa ta baki, da Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da lasisinsu. Ko nawa ne cikin maharban karkara suka taɓa ganin wannan takarda, wannan wata magana ce.

Don a sayar da bindigar zamani dole a yi kanti na gaske, kuma nan ne Cabela's ya sake fasali. An buɗe kanti a Kearney a 1987. A 1991 aka gina babban na Sidney a bakin babbar hanyar da ta ratsa Amurka daga gabas zuwa yamma, faɗinsa kusan murabba'in mita 7,000. Na farko a wajen Nebraska shi ne na Owatonna a jihar Minnesota, a 1998. Na Hamburg a jihar Pennsylvania, wanda aka buɗe a 2003, ya kai murabba'in mita 23,000, wato filin ƙwallo uku an yi musu rufi.

Dabarar da suka yi ita ce mayar da kanti wurin yawon buɗe ido. A tsakiyar manyan kantunan akwai dutsen da aka gina da hannu, an jera masa namun daji da aka feɗe aka cusa fatunsu suka tsaya kamar masu rai: barewa, tumakin dutse, damisa, wani wuri har giwa da zaki na Afirka. Akwai tankunan gilashi da manyan kifaye ke yawo a ciki, da gidan abinci mai sayar da naman dawa, da wurin ajiye karnuka da dawakin matafiya. Iyali kan yi tafiyar sa'o'i su wuni a ciki. Hukumomin garuruwa suka riƙa rige-rigen jawo kantin da rangwamen haraji da tallafin miliyoyin daloli, abin da ya jawo suka daga ƙananan 'yan kasuwa, waɗanda ke ganin da harajinsu ake gina wanda zai kashe musu kasuwa. Sukar tana da tushe.

Sashen bindigogi ya kan ɗauki bango guda cur. Dogayen bindigogi a tsaye bayan kanta, ƙanana a cikin gilashi, akwatunan harsashi a jere bisa girman bakin bindiga, sai madubin hange da man gogewa da akwatunan ƙarfe masu makulli. Akwai kuma ɗaki na daban da suke kira Gun Library, inda ake saye da sayar da tsofaffin bindigogi masu tsada. Amma ɗaukar bindiga daga kanta zuwa mota ba kamar ɗaukar takalmi ba ne. Mai saye zai nuna katin shaida mai hoto, ya cike fom mai lamba 4473 inda zai amsa ko an taɓa ɗaure shi kan babban laifi, ko yana ta'ammali da ƙwaya, ko kotu ta hana shi kusantar matarsa. Ƙarya a fom ɗin laifi ne mai kai mutum kurkuku. Daga nan ma'aikaci zai tura bayanan ga tsarin binciken da hukumar FBI ke gudanarwa tun Nuwamban 1998, amsa ta dawo, sau da yawa cikin 'yan mintoci: a ba shi, a dakata, ko a hana. Dokar tarayya ta ce shekara 18 ga doguwar bindiga, 21 ga ƙarama, wasu jihohin kuma sun ƙara nasu sharuɗɗa. Ko wanda ya zaɓi bindigarsa ta intanet, kantin zai zo ya karɓa bayan ya bi wannan layi.

Tsarin yana da ramuka, musamman cinikin da ake yi tsakanin mutum da mutum ba tare da dillali ba, kuma yawan kisan da ake yi da bindiga a Amurka ya isa shaida. Wanda ke mafarkin ganin irin wannan kanti a Birnin Kebbi don maganin 'yan bindiga, kamar yadda gwamnatin Zamfara ta taɓa kiran jama'a su nemi lasisi a 2022, ya kamata ya fara tambayar wace ma'ajiyar bayanai za a bincika kafin a miƙa wa mutum makami.

Akwai wani ɓangare da ya fi cancantar a kwaikwaya. Tun 1937, ƙarƙashin dokar Pittman-Robertson, ana cire haraji, wanda yanzu kashi 11 cikin ɗari ne, a kan dogayen bindigogi da harsasai, daga baya aka ƙara kashi 10 a kan ƙananan bindigogi, kuma kuɗin na tafiya ne ga hukumomin kula da namun daji na jihohi. Barewar Amurka mai farin bindi, wadda ta kusa ƙarewa a farkon ƙarni na 20, yanzu ana ƙiyasta ta kusan miliyan 30. Maharbin da ke sayen harsashi shi ke biyan kuɗin raya abin da zai harba baɗi. Gandun Dajin Tafkin Kainji, wanda aka kafa a 1979 ta hanyar haɗa dazukan Borgu da Zugurma, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 5,340, amma daga kasafin Abuja yake jira. Ko kwabo daga cinikin albarushi ba ya isa gare shi.

A watan Yuni na 2004 Cabela's ya shiga kasuwar hannun jari ta New York. Kafin nan, a 2001, ya riga ya kafa bankinsa, World's Foremost Bank, mai ba da katin bashi wanda ke tara wa mai shi maki ya sayi kaya da su, kuma wannan banki ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin ribar kamfanin. A 2007 ya tsallaka Kanada ta hanyar sayen wani kanti a Winnipeg. Kayan farauta, ciki har da bindigogi da harsasai, suka kai kusan rabin cinikin kaya.

Nan kuma matsalar take. Kasuwar bindiga a Amurka tsoro ke kaɗa ta. Bayan sake zaɓen Barack Obama da kisan yara 20 da malamai shida a makarantar Sandy Hook a Disamban 2012, mutane suka ɗauka za a tsaurara doka, suka yi wa kantuna tsinke. A 2013 harsashi ya yi ƙaranci har aka riƙa ƙayyade akwati nawa mutum ɗaya zai saya. Kamfanin ya ɗauki wannan guguwa a matsayin damina mai ɗorewa, ya yi ta buɗe sababbin kantuna. Da tsoron ya lafa a 2014, ciniki a tsofaffin kantunan ya sauka, hannun jari ya faɗi. Dick Cabela ya rasu a watan Fabrairun wannan shekara yana da shekara 77, bai ga abin da ya biyo baya ba.

A Oktoban 2015 kamfanin zuba jari na Elliott Management, na attajiri Paul Singer, ya bayyana cewa ya mallaki kusan kashi 11 cikin ɗari na Cabela's, ya kuma matsa a sayar. Mai saye ya fito daga Springfield a jihar Missouri: Johnny Morris, wanda shi ma da kayan fatsa ya fara a 1972, a wani lungu na shagon barasar mahaifinsa, ya gina Bass Pro Shops. An sanar da ciniki a Oktoban 2016 a kan dala biliyan 5.5. Kafin a kammala, Donald Trump ya ci zaɓe, masu tsoron a ƙwace musu bindiga suka kwantar da hankali, kasuwa ta ƙara sanyi, wani babban abokin hamayya, Gander Mountain, ya durƙushe a Maris na 2017. Aka rage farashin kowane hannun jari daga dala 65.50 zuwa 61.50, aka rufe ciniki a watan Satumba na 2017. Harkar katin bashin ta koma hannun bankin Capital One.

A lokacin Cabela's na da kantuna sama da 80 a Amurka da Kanada, da cinikin kusan dala biliyan huɗu a shekara. Sidney kuma, gari mai mutum ƙasa da 7,000, yana da kusan 2,000 da ke cin abinci a kamfanin. Da aka mayar da hedikwata Springfield yawancin ayyukan ofis suka tafi, gidaje suka cika da allunan sayarwa, iyalai suka kwashe 'ya'yansu daga makarantun garin. Wasu tsofaffin ma'aikata sun ƙi tashi, suka buɗe nasu ƙananan kamfanonin sayar da kayan farauta ta intanet a nan cikin Sidney. Kantin bakin hanya na 1991 yana nan a buɗe, sunan Cabela's na nan a jikin gine-gine da dama, amma shawarar abin da za a jera a kanta da farashinsa daga Missouri take fitowa.