Matsalar Adireshin Fayil a Jerin Waƙoƙi Tsakanin Windows, Linux da macOS

Tsakure

Maƙalar ta nazarci dalilin da ke sa jerin waƙoƙin da aka tsara a wata kwamfuta ya ƙi buɗuwa a wata, alhali waƙoƙin suna nan daram. An gano cewa tushen matsalar shi ne yadda kowace babbar manhaja take rubuta adireshin fayil.

Gabatarwa

Jerin waƙoƙi irin na M3U, wanda manhajar Winamp ta yayata tun daga 1997, ba ya ɗauke da sauti ko kaɗan. Rubutu ne zalla, kowane layi yana nuna inda waƙa take. Da zarar adireshin ya sauya, sai manhaja ta ce ba ta ga fayil ba.

Hanyar Bincike

An kwatanta ƙa'idojin rubuta adireshi a manyan manhajojin uku, aka auna su da layi guda: D:\Waƙoƙi\Shata\01.mp3.

Sakamako

Layin nan ya ci karo da cikas huɗu. Na farko, harafin D: al'adar Windows ce, Linux da macOS suna farawa ne daga tushe ɗaya, wato /. Na biyu, alamar \ da Windows ta gada daga MS-DOS 2.0 na 1983 ba ta raba folda da folda a Linux, harafi ce kawai a cikin suna, don haka a can ana karanta layin duka a matsayin sunan fayil ɗaya. Na uku, tsarin ext4 na Linux yana bambanta babban baƙi da ƙarami: Shata daban, shata daban, abin da Windows ba ta damu da shi ba.

Na huɗu shi ya fi shafar Hausa. Tsohon M3U bai fayyace tsarin haruffansa ba, manhajoji da dama kuwa kan adana shi da Windows-1252, wanda babu ƙ, ɗ da ɓ a cikinsa. Sai Waƙoƙi ta koma Wa?o?i, foldar da babu ita a ko'ina. Ko an magance ukun farko, wannan kaɗai ya isa ya kashe jerin.

Kammalawa

Maƙalar tana ba da shawarar a ajiye jerin a folda ɗaya da waƙoƙin, a rubuta adireshi daga nan, kamar Shata/01.mp3, tunda Windows ma tana karɓar alamar /. A kuma adana shi a matsayin M3U8, mai amfani da UTF-8, domin haruffa masu lanƙwasa su tsira. Jerin da aka tsara haka zai bi memori daga kwamfutar mai tura waƙa zuwa wayar mai saye ba tare da an sake taɓa layi ko ɗaya ba.