Karatun shari'a da aikin kotu: hanyoyin da ke buɗe ga mutanen Bangi da kewaye

Duk wanda aka taɓa kama masa ɗan'uwa aka kai Madawa ya san yadda rashin sanin doka yake ɗaure mutum. Jandarma ya yi rubutu, alƙali ya yi tambaya, tafinta ya fassara, kai kuwa kana tsaye ba ka san inda maganar ta dosa ba. Waɗannan mutane duka karatu suka yi, kuma karatun yana da ƙofofi. Wasu suna da nisa, wasu kuwa suna kusa da kai.

Me ake koyo?

Karatun shari'ar laifi ya ƙunshi abubuwa uku: abin da doka ta kira laifi da hukuncinsa, hanyar da ake bi tun daga kamu har zuwa yanke hukunci, da kuma yadda ake tsare wanda aka ɗaure. Nijar ta sami kundin hukunta laifuka da kundin tsarin shari'ar laifi a shekarar 1961, an kuma sha yi musu gyara. Na biyun shi ne ya fi shafarka. Alal misali, shi ne ya yanke cewa a laifin yau da kullum ba a riƙe mutum a hannun jandarma ko ƴan sanda fiye da awa 48 sai da izinin mai shigar da ƙara na gwamnati.

A Amurka akwai ƙananan kwalejojin gari inda ake yin wannan karatu cikin shekara biyu, har magidanci ya je da yamma bayan ya tashi aiki. A nan tsarin daban ne, kowane aiki da makarantarsa.

Doguwar hanya

Mai son zama alƙali ko lauya sai ya sami bak, sannan ya shiga jami'a. A da, ɗan Adar ko ɗan Gobir Tudu sai ya tafi Yamai, jami'ar Abdu Mumuni. A shekarar 2010 aka kafa jami'o'in Tawa da Maraɗi da Damagaram, ta Tawa kuma tana da tsangayar shari'a da tattalin arziki. Yau tana ɗauke da sunan Jibo Hamani, masanin da ya rubuta tarihin Adar. Ana yin shekara 3 a sami lisans, a ƙara 2 a sami mastar. Daga nan mai son alƙalanci ya shiga gasar ɗaukar ma'aikata. In ya ci, a horar da shi a makarantar koyon aikin shari'a ta Yamai, wadda aka kafa a 2015. Can ne kuma ake horar da akawunan kotu.

Jandarma da ƴan sanda da ƴan gardi, waɗanda aka sani da tsaron gidajen kaso, ana ɗaukarsu ta hanyar gasa. Kowace gasa tana faɗin takardar karatun da take nema da iyakar shekaru. Abin da yakan kayar da yaran karkara tun kafin a zauna jarrabawa shi ne rashin takardar haihuwa. In ɗanka ba shi da ita, ka nema masa hukuncin kotu da ke maye gurbinta tun yanzu, kada ka jira ranar da aka yi shelar gasa a rediyo.

Hanyar da ta fi kusa da kai

Dattijon da ya fara karatu a ajin yaƙi da jahilci da wuya ya zama alƙali, kada wani ya ruɗe ka. Amma shari'a a ƙasarmu ba a hannun alƙali kaɗai take ba. Maigari da sarki suna da ikon sasanta mutane a kan gona, gado, aure da ɓarnar dabbobi, kuma sulhun da aka rubuta aka sa hannu shi ne ke tsayawa gobe. Wane ne zai rubuta? Dokar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin ƙasa, waɗanda ake da su a matakin ƙauye da na komin da na gunduma, masu ba da takardar shaidar saye ko aro ko jinginar gona. Kowane kwamiti yana bukatar mai riƙe alƙalami. A kotu ma, in magana ta shafi al'ada, alƙali yana zama da mashawarta, dattawa da malamai masu sanin al'adar masu ƙara. Sai dai ka kiyaye: kisa da fyaɗe da sara ba maganar zaure ba ce, ta kotu ce.

Akwai kuma mataimakan shari'a, maza da mata, waɗanda ƙungiyoyi irin su ANDDH da ƙungiyar mata masana shari'a ta Nijar suka riƙa horarwa na ɗan lokaci. Ba sa yanke hukunci. Aikinsu su saurare ka, su gaya maka ko maganarka ta maigari ce, ko ta ƙaramar kotun Madawa, Buza ko Keita, ko ta babbar kotun Ƙwanni ko Tawa. Tun da yawancin lauyoyi suna zaune a Yamai, kotu takan naɗa wa talaka mai kare shi daga cikin masu ilimin gari. Hukumar ANAJJ, wadda dokar 2011 ta kafa, ita aka ɗora wa nauyin taimakon marasa hali a gaban shari'a.

Ka dubi labarin Hadijatu Mani, ƴar jiharmu ta Tawa. An sayar da ita a 1996, tana da shekara 12, a kan jika 240. Dokar 2003 ta mai da bauta laifi, a 2005 kuma aka ba ta takardar ƴanci, amma wanda ya saye ta ya ce matarsa ce. Kotun farko a Ƙwanni ta ba ta gaskiya, ta sama ta soke hukuncin. Da ta auri wanda take so, sai aka ɗaure ta bisa zargin aure kan aure. Ƙungiyar Timidriya ce ta tsaya mata har kotun CEDEAO, wadda a ranar 27 ga Oktoba 2008 ta umurci gwamnati ta biya ta sefa miliyan 10. Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025. A ganina, muhimmin mutum a wannan labari shi ne na farkon da ya gaya mata cewa akwai dokar da ta hana abin da ake yi mata, kuma faɗin haka ba ya bukatar mastar.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki. Duk da haka mafi yawan takardun kotu da littattafan doka cikin Faransanci suke. Saboda haka, in ka ƙware a karatun Hausa, ka roƙi malamin ajinku ya fara muku Faransancin takardu: sammaci, takardar sulhu, takardar haihuwa. In kuma aka miƙo maka takarda a jandarmari, ka nemi a karanta maka ita cikin harshen da kake ji kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa.