Tsargiya: daga Alƙahira zuwa ajin lakwal

Wa ya tuna ranar da aka jera mu jikin sanda ana auna tsayinmu, mushe na ba kowa ƙwaya daidai tsawonshi? Maganin tsargiya ne, praziquantel. Amma an daɗe kafin a kai nan.

A 1851 ne wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar a Alƙahira. Daga baya aka gane a jikin katantanwar ruwa take yaɗuwa, ta fito ta huda fatar mai wanka.

Nan gida kuwa, a 1978 aka buɗe CERMES a Yamai don binciken sanƙarau da tsargiya. Masu bincike suka riƙa shiga lakwal suna gwada fitsarin yara, tunda su ke wuni cikin tabki. In ka san yawan masu ita a aji, ka san halin gari. A 2004 ƙasa ta soma raba maganin a makarantu.

Da can in yaro ya yi fitsarin jini sai a ce girma ne, ko zafin rana. Har yau akwai masu faɗin haka, alhali ciwon na ɓata mafitsara da ƙoda, ya rage jini, karatu ya gagara.

Ƙwayar tana kashe tsutsa, amma ba ta hana wata shiga. In ɗanka ya ce ya ga ja, kar ka yi dariya, ku tafi likita.

Allah ya ƙara muna lafiya.