Alkawarin Gaban Bagade da Matan da Aka Sallama

Alkawarin da ango da amarya ke yi wa juna a majami'unmu, na zama tare da samu da rashi, da lafiya da ciwo, har ranar mutuwa, ya girmi zuwan bishara ƙasar Hausa da ɗaruruwan shekaru. A Ingila aka tsara shi. Akbishop Thomas Cranmer ya ɗauko shi daga tsohon tsarin ɗaurin aure na can, ya sa shi a littafin addu'a na 1549, bugun 1662 kuma ya riƙe shi. Da wannan littafi 'yan mishan na CMS suka iso mana. Likita Walter Miller ya zauna a birnin Zariya a 1905, mishan ta koma Wusasa a 1929, Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a kammale a 1932.

Da alkawarin nan aka ɗaura nawa auren, kuma ina ƙaunarsa. Nauyinsa shi ne babu sharaɗi a ciki. Ba a ce sai in ta haihu ba, ba a ce sai in rumbu ya cika ba. A zamanin da rashin haihuwa kan jawo kishiya, kuturta kan fitar da mutum bayan gari, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Sai dai a bakin ƙofar majami'a an kafa wani sharaɗi mai tsanani. Da yawa daga cikin waɗanda suka fara karɓar bishara manoma ne masu gandu, da mata biyu ko uku da suka aura bisa al'ada, aka biya dukiyar aure, aka haifi 'ya'ya, tun ba su taɓa jin sunan Yesu ba. Henry Venn, sakataren CMS a Landan, ya tsaya kan cewa ba za a yi wa irin wannan magidanci baftisma ba. Bishop John Colenso na Natal a kudancin Afirka ya ja da wannan ra'ayi, yana ganin korar mace marar laifi zalunci ne, amma ba a saurare shi ba. A 1888 taron bishop-bishop na Lambeth ya yanke hukunci: mai mace fiye da ɗaya ya ci gaba da zama ɗan koyo har sai ya rage da ɗaya, matansa kuwa ana iya yi musu baftisma. Sauran ƙungiyoyin mishan galibi wannan hanya suka bi.

A gidanmu an ga abin da hukuncin ya haifar. Kakana Bamaguje ne, matansa biyu. Da mai bishara ya faɗa masa sai ya sallami ɗaya, ya nemi a nuna masa wadda ta yi masa laifi a cikinsu. Ba wanda ya iya nunawa, shi kuma ya ƙi sallama. Matan biyu aka yi musu baftisma, suka shiga Zumuntar Mata, shi yana bencin ƙarshe kusa da ƙofa, hularsa a kan gwiwa. Ranar jibin Ubangiji sai ya tashi a hankali ya koma gindin ɗorawa har a gama. Duk shekara shi ne kan gaba wajen kawo ciyawar rufin majami'ar. Da amaryar ta makance a tsufanta, shi yake riƙe mata sanda zuwa sujada, uwargida na biye da tabarma. Ya rasu sunansa bai shiga littafin ikilisiya ba.

Maƙwabcinsa ya bi umarni. Iyayenmu mata har suka tsufa suna ba da labarin safiyar da matarsa ta biyu ta ɗauki ƙorenta da tukwanenta ta nufi gidan yayanta, 'ya'yanta kuwa aka bar su wajen ubansu kamar yadda al'ada ta tanada. Ban ga laifin mutumin ba, ƙishin baftisma ne ya kai shi, kuma abin da malamansa suka koya masa ke nan. Ni kaina na yarda da koyarwar auren mace ɗaya, a kanta nake renon 'ya'yana. Amma idan aka tambaye ni wa ya fi fahimtar ƙauna marar sharaɗi a ƙauyen nan, kakana zan nuna, wanda bai taɓa furta alkawarin a gaban bagade ba.

Sai da aka cika shekara ɗari cif kafin a gyara. A taron Lambeth na 1988, bisa matsin bishop-bishop na gabashin Afirka, aka amince a yi wa irin wannan magidanci baftisma tare da matansa da 'ya'yansa masu bi, muddin ya yi alkawarin ba zai ƙara aure ba, jama'ar ikilisiyarsa kuma ta yarda. Aka ce kada a tilasta masa korar kowace mace, saboda wahalar da za ta faɗa ciki. Ba kowace ɗarika ce ta bi wannan sahu ba, har yau akwai dattawa a bencin baya.

Ku fastoci da dattawan ikilisiya masu yi wa matasa gargaɗin aure, ku je wajen tsofaffin da suka rage ku tambayi sunayen matan da aka sallama, da inda suka ƙare. Ku rubuta su a tarihin ikilisiyoyinku tun masu tunawa suna da rai.