Harafin da ke Raba Hanya: Darussan Sakandare da Sana'o'in da Suke Kaiwa Gare Su a Parakou da Djougou

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda sakandaren Jamhuriyar Benin ke karkasa ɗalibai rukuni-rukuni, da irin aikin da kowane rukuni ke kai mutum gare shi, ta ɗauki Parakou da Djougou a matsayin misali. Ta dogara ga tsarin karatun da gwamnati ta shimfiɗa, da makarantun gaba da sakandare da ke yankin, da rubuce-rubucen masana kan fataucin garuruwan biyu. Hujjarta ita ce, zaɓin da ake zaton na ajin ƙarshe ne tun a shekara ta uku ake fara yanke shi, kuma darussan da suka fi kusa da abin da garuruwan ke ci da shi su ne aka daɗe ana yi wa kallon hadarin kaji.

Gabatarwa

Babbar kasuwar Parakou sunanta Arzèkè, unguwar da jami'ar garin take kuma sunanta Albarika. Bahaushe ba ya neman tafinta a nan, arziki ne da albarka. Irin waɗannan kalmomi sun zauna a bakin mutanen Borgou tun zamanin da ayarin fatake ke tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato, su ratsa Nikki da Parakou, su yada zango a Djougou, wadda ake kira Zugu, kafin su miƙe zuwa Salaga a ƙasar Gwanja neman goro. Paul Lovejoy ya bi sawun wannan hanya a littafinsa na 1980 kan fataucin goro, Denise Brégand kuma ta yi nazarin Wangarawan Borgou a 1998. A wancan zamani yaro a bayan jakin ubansa yake koyon sana'a. Jikokin waɗannan fatake a yau suna zaune a benci a makarantun sakandare irin CEG Zongo ko CEG Albarika ko Lycée Mathieu Bouké, ana tambayarsu su zaɓi harafi: A, B, C ko D.

Garuruwan ba ƙanana ba ne. Ƙidayar 2013 ta ba gundumar Parakou mutum 255,478, ta Djougou kuma 267,812. Parakou ce hedkwatar Borgou, Djougou ta Donga, tsakaninsu tafiyar kilomita ɗari da talatin da 'yan kai.

Inda hanya ta fara rabuwa

Tsarin lakwal a Benin gadon Faransa ne. Shekara shida a firamare, sai jarrabawar CEP. Shekara huɗu a zangon farko na kwaleji, ana ƙirga azuzuwan da baya-baya daga na 6 zuwa na 3, sai BEPC. Shekara uku kuma a zango na biyu, sai bakaloriya, wadda kowa ke kira bak. Maki bisa 20 ake bayarwa, 10 ce iyakar tsira.

A shekaru biyun farko kowa abu ɗaya yake karantawa: Faransanci, Ingilishi, lissafi, tarihi da labarin ƙasa, ilimin halittu da na ƙasa da ake taƙaitawa SVT, da darasin PCT wanda ya haɗa fiziks da ilimin sinadarai da fasaha. A aji na 4, wato shekara ta uku, ake buɗe layi biyu. Mai bin Moderne Long zai ɗauki harshen waje na biyu, Jamusanci ko Sifaniyanci, shi zai rubuta a BEPC. Mai bin Moderne Court kuma PCT zai rubuta. Yaron da ake magana a kai bai wuce shekara goma sha uku ko sha huɗu ba. Idan ya tsere wa PCT saboda ya ji abokai na cewa da wuya, ko don malamin Sifaniyanci mai fara'a ne, to ya soma juya wa likitanci da injiniyanci baya, alhali ko a gida ba a san an yanke wata shawara ba. Uban da ke kan hanyar Malanville da mota, ko uwar da ke sayar da atamfa a Arzèkè, sukan ga takardar maki ne kawai, su tambaya ko ya ci, a ce ya ci.

Haruffan bak

Rukunin A1 na adabi ne da harsuna, A2 na adabi da ilimin ɗan Adam, wato tarihi da labarin ƙasa da falsafa, B kuma na tattalin arziki da zamantakewa. Waɗannan su ke cika tsangayar shari'a da siyasa da ta adabi a Jami'ar Parakou, wadda aka kafa a 2001. Daga nan ake samun lauya da alƙali da ɗan jarida da ma'aikacin gunduma da malamin makaranta. Sai dai kujerun ba su kai yawan masu nema ba, kuma da yawa daga masu digirin waɗannan fannoni sun ƙare a tsarin da gwamnati ta fito da shi a 2019 na masu neman zama malamai, da ake kira AME, suna koyarwa ba tare da cikakken matsayin ma'aikacin gwamnati ba. Wasu kuma sun hau babur suna zemijan, kabu-kabun Benin.

D ce ta ilimin halittu da na ƙasa, ita ce kuma rukunin kimiyya da ya fi jama'a. C ta lissafi da fiziks ce, ɗalibanta ba su da yawa, har akwai kwalejojin da ba su buɗe ajinta. A nan ne nauyin darasi ke aiki. Ba a tara maki a raba daidai. Kowane darasi ana ninka makinsa da wani adadi, kuma a C lissafi ne ya fi kowane nauyi, a D kuma SVT. Ɗalibin da ya iya Faransanci kamar ruwa amma lissafinsa na rarrafe, idan ya shiga C don a ce ya shiga, nauyin nan zai danne shi.

Wanda ya ci C ko D da maki mai kyau ba sai ya je Kwatano ba. Tsangayar likitanci tana Parakou, ɗalibanta na koyon aiki a asibitin koyarwa na Borgou da Alibori da ke cikin gari. Akwai cibiyar horar da ma'aikatan jinya da ungozoma, akwai tsangayar aikin gona, akwai makarantar ƙididdiga da tsare-tsare da nazarin yawan jama'a. A Natitingou, arewa da Djougou, akwai babbar makarantar horar da malaman kimiyya. A Djougou kanta akwai makarantar horar da malaman firamare, ga asibitin Ordre de Malte da ke aiki tun shekarun 1970, inda ake ganin ma'aikacin ɗakin gwaji da na jinya a bakin aiki. Bayan bak ɗalibi na shiga dandalin intanet na gwamnati ya jera fannonin da yake so, a tantance shi bisa makinsa a darussan da suka shafi fannin. Na'ura ba ta san roƙo ba, ba ta kuma san ɗan wane ba.

Yankin yana da misalan da yara ke ji a gida. Hubert Maga, shugaban Dahomey na farko, haifaffen Parakou ne a 1916, kuma malamin makaranta ne kafin siyasa. Boni Yayi, ɗan Tchaourou da ya mulki ƙasar daga 2006 zuwa 2016, masanin tattalin arziki ne da ya shugabanci bankin raya Afirka ta Yamma, BOAD. Abdoulaye Bio Tchané, ɗan Djougou, ya riƙe ma'aikatar kuɗi, ya shugabanci sashen Afirka na Asusun Lamuni na Duniya, shi ma ya hau kujerar BOAD. Dukkansu mutanen alƙalami da ofis ne, kuma ba mamaki idan hoton nasara a idon iyaye ya zama kwat da tebur.

Abin da garin ke ci da shi

A tsaya a bakin titin Parakou a lokacin kaka a ƙirga abin da ke wucewa. Auduga ce ake kai wa injinan gurza na kamfanin SODECO, ga yazawa da waken soya da doya da ƙwarar kaɗanya, ga shanun Fulani, ga tireloli. Benin ta shafe shekaru tana kan gaba a noman auduga a Afirka, tana haura tan 700,000 a wasu damunan. Layin dogo mai kilomita 438 daga Kwatano a Parakou ya tsaya tun shekarun 1930, shi ya sa garin ya zama wurin sauke kaya a ɗora wa motocin Nijar. Duk wannan aiki ne na makaniki da mai walda da mai gyaran lantarki da malamin gona da likitan dabbobi da akanta da mai fiton kaya a kwastan.

Darussan waɗannan sana'o'i suna nan a tsarin, ƙarƙashin haruffan da ba a cika ambata ba. E lissafi ne da fasaha. F1 ƙere-ƙeren inji, F2 na'urorin lantarki masu ƙananan sassa, F3 wutar lantarki, F4 gine-gine da hanyoyi. G1 aikin sakatariya, G2 lissafin kuɗi, G3 kasuwanci. Ɗan zongo da ya tashi yana riƙe wa kawunsa littafin bashi, G2 da G3 gidansa ne, abin da ya rage a ba shi sunayen abin da ya riga ya sani. Ta fuskar noma kuwa akwai lisen fasahar gona a Kika, gabas da Parakou, da wani a Bariénou cikin gundumar Djougou. Shekara huɗu bayan BEPC ɗalibi na fita da shaidar DEAT, wadda ke ba shi damar aiki kai tsaye ko ya wuce tsangayar aikin gona. Kusa da su akwai gonar kiwo ta Okpara, da cibiyar binciken noma ta Ina, da reshen Parakou na cibiyar Songhaï da Fada Godfrey Nzamujo ya kafa a Porto-Novo a 1985.

Matsalar ba ta rashin amfani ba ce, ta suna ce. An daɗe ana ɗaukar makarantar fasaha mafakar wanda boko ya ƙi, kuma kuɗinta da kayan aikinta sun fi na kwaleji tsada. Manomin da ya sha rana don ɗansa ya yi karatu, da wuya ya yi murna idan aka ce za a mayar da yaron gona, ko da da takarda a hannu.

Gwamnatin Patrice Talon, da ta hau mulki a 2016, ta ɗauki aniyar juya wannan lissafi. Manufarta ita ce zuwa 2030 kashi 70 cikin ɗari na ɗaliban wannan mataki su kasance a fannin fasaha da sana'a, kuma shirinta na 2021 zuwa 2026 ya ƙunshi lisen fasahar gona guda 30 da wasu manyan makarantun sana'a. Wannan ya zo tare da yankin masana'antu na Glo-Djigbé da ke sarrafa auduga da yazawa, da hana fitar da ɗanyen yazawa da waken soya a 2024. Abin lura shi ne masana'antun suna kudu, kusa da Kwatano, amfanin gonar kuma daga arewa yake fitowa. Gina aji ya fi samar da ƙwararren malamin walda sauƙi, kuma injin da ya lalace a ɗakin koyon aiki ba ya koyar da kowa.

Akwai kuma tsohuwar hanya da ba ta taɓa rufewa ba, ta zama yaron gida wurin tela ko kafinta ko makaniki har ranar da za a 'yanta shi da biki. Tun gyaran da aka yi a tsakiyar shekarun 2000, gwamnati na ba irin waɗannan yara shaidar CQM da CQP, ta biyun ta haɗa aikin shago da wasu kwanaki a aji.

Ilimin da ba ya shiga takardar maki

Yaron zongo a Parakou kan shiga aji na 6 da harshe uku a bakinsa, Hausa da Dendi da wani abu na Batonu ko Yarbanci, takwaransa na Djougou kuma ya ƙara da Yom ko Lokpa. Babu ɗaya daga ciki da ke da maki a BEPC. Amma da su ake ciniki daga Gaya zuwa Shaki, kuma ma'aikacin jinya ko malamin gona da ba ya jin su sai ya nemi mai fassara. Ingilishi shi ne darasin da ya fi saurin komawa kuɗi a nan, don iyakar Nijeriya ta Nikki da Chikanda ba ta da nisa.

Larabci ma haka. Djougou gari ne na malamai, makarantun allo da na Faransanci da Larabci sun yi yawa, wasu ɗalibansu kan wuce Azhar ko Madina ko jami'ar Musulunci ta Say a Nijar. Masanin zamantakewa Galilou Abdoulaye ya nuna yadda masu irin waɗannan digirori ke dawowa su tarar aikin gwamnati da Faransanci yake magana, sai su koma wa'azi da koyarwa da ƙungiyoyin agaji. Gidajen da suka fahimci haka sukan haɗa wa yaro biyun, lakwal da safe, allo da yamma.

Ga 'ya'ya mata an ɗauke kuɗin makaranta a zangon farko na sakandaren gwamnati. Wannan ya kai yarinya har BEPC, daidai inda ake shiga C ko D ko F, kuma daidai shekarun da maganar aure ke tasowa a gidaje da yawa. Ungozomar da matan Donga ke so su tarar a ɗakin haihuwa, mai jin harshensu, sai ta haye wannan gaɓa tukuna.

Abubuwan da suka faru tun 2023 sun ƙara wa tambayar kaifi. Cire tallafin mai a Nijeriya a watan Mayu ya girgiza masu sayar da kpayo, fetur ɗin kwalba na bakin titi. Juyin mulkin Yamai a watan Yuli ya rufe gadar Malanville da ke iyakar Nijar, tireloli suka yi layi, sana'ar fito da tuƙi da gidajen zongo da dama suka gada ta shiga wani hali. A daidai lokacin ne aka kammala bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa Sèmè, ya ratsa arewacin Benin, aikin da ya nemi masu walda da masu awon ƙasa da masu lantarki, wato mutanen F.

Bayani kan waɗannan haruffa yakan iso wa iyaye ne bayan sakamakon BEPC, kuma da Faransanci. Lokacin da ya dace shi ne ƙarshen aji na 5, kafin a raba layin PCT da na harsuna. Kafofin suna nan: ƙungiyar iyayen yara da kowace kwaleji ke da ita, da gidajen rediyo irin Fraternité FM a Parakou da Solidarité FM a Djougou, waɗanda dama suke watsa shirye-shirye da harsunan gida.