Baba Soja da Dajin Bama



Yau labarin kakana zan ba ku, wanda duk unguwa ke kira Baba Soja, Allah Ya jiƙansa. Muna yara, da ya ce "lokacin da muke Bama" sai mu sulale mu tafi ƙwallo. Sai da na shiga jami'a na gane asarar da muka tafka.

Daga 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta kwashi dubban samarin Afirka ta Yamma a jiragen ruwa zuwa Indiya. Daga can aka tura su Bama, wato Myanmar ta yau, su yaƙi Japan. Bataliya uku ta 'yan Najeriya suka shiga rundunar Chindit, a 1944 aka sauke su da jiragen sama a bayan dagar Japanawa. Kakana na cikinsu. Kun san barikin Chindit na Zariya? To, daga nan sunan ya samo asali.

Ya dawo bayan 1945 da lambar yabo da ciwon ƙafa, kuɗin sallamarsa kuwa bai kama ƙafar na Bature ba. Bai zauna ƙorafi ba. Ya koma gona, ya aurar da ƙannensa, ya sa 'ya'yansa mata a makaranta.

Ya rasu ba mu da muryarsa ko ta minti ɗaya. Don Allah, in akwai tsoho a gidanku, ku zauna gabansa yau, ku kunna wayarku.