Tarihin Kambun Kokawar CWA: Yadda Ya Ɗaukaka Kuma Ya Shuɗe A Jamus

Kambun duniya na ajin masu nauyi na ƙungiyar Catch Wrestling Association, wadda aka fi sani da CWA, shi ne mafi daraja a fagen kokawar reslin a ƙasashen Jamus da Ostiriya na fiye da shekara 20. Tarihinsa ya faro ne daga shekarar 1973, kuma Otto Wanz, ɗan birnin Graz na Ostiriya, shi ne ya fara riƙe shi.

Abin da ya bambanta wannan kambu da takwarorinsa na Amurka shi ne ƙa'idojinsa. Ana yin karawar ne turmi-turmi kamar damben zamani, sannan alƙalin wasa yana ɗaga katin gargaɗi ko jan kati ga duk wanda ya karya doka. Haka kuma gasannin kan ɗauki makonni ana fafatawa kusan kowane dare a biranen Hanover da Bremen da Viyana, a wasu wuraren ma cikin manyan tantuna.

Wanz ya riƙe kambun har sau huɗu. Zamaninsa mafi tsawo ya fara a 1978, lokacin da ya doke Don Leo Jonathan a Graz, kuma bai rabu da shi ba sai bayan kusan shekara tara. A tsakanin haka, a 1982, ya doke Nick Bockwinkel ya ɗauki kambun AWA na Amurka, abin da ya ƙara wa na CWA kwarjini a idon duniya.

A 1987 ne Ba'amurke Leon White, wanda ake kira Bull Power a Turai, ya ƙwace kambun daga hannun Wanz a birnin Denver. Wannan ɗan kokawa, da ya shahara daga baya da sunan Vader, ya haɗa kambun CWA da na Japan da na Meziko a lokaci guda a 1989.

Bayan da Wanz ya yi ritaya a 1990, ɗan ƙasar Kanada Luc Poirier, mai laƙabin Rambo, ya zama jigon fagen. Road Warrior Hawk ya karɓe kambun daga hannunsa a Bremen a 1992, amma Rambo ya sake dawo da shi, kuma shi ne zakara na ƙarshe.

Cikin waɗannan shekaru kokawar Amurka ta mamaye tashoshin talabijin na Jamus, matasa suka saba da salonta, kasuwar gasannin tanti kuwa ta yi ta ja da baya. CWA ta yi wasanninta na ƙarshe a 1999, kambun kuma ya shuɗe tare da ita. Wanz ya rasu a watan Satumba na 2017 yana da shekara 74.